Jirgin da Ka Nutsar a Mashigin Gulma

Gulma, a watan da aka ba mu mulkin kai.

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randa a tsakar rana, inuwar gawo da ba ta guje wa mutum da rani, zumar da ba a kai ta kasuwa, Arzika.

Ka ga na rubuta sunanka. Bakina bai taɓa furta shi a gaban kowa ba, amma alƙalami ba shi da kunya irin tawa. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Innarku da ƙannenka, zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Paulina, ƙawata ta makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, wadda ta san duk sauran sirrina.

Duk hutun da na zo gida, ni ke karɓe tulu daga hannun ƙanwata. Rijiya tana nan bayan dangarmu, amma sai in ce ruwanta ya yi kanwa, in wuce gulbi. Inna har yabona take yi, wai boko bai sa mini ƙyuya ba. Allah ya yafe mini, ba ruwa ke kai ni ba. Jirginka nake zuwa dubawa, mai baƙin goshin nan da ke ɗaure a gindin kanya. In na hango shi yana rausaya bisa ruwa sai numfashina ya dawo, in cika tuluna in koma gida kamar wadda aka yi wa albishir.

Ku maza, in za ku tafi cin rani Kurmi, kuna cika jirgi da duwatsu ku nutsar da shi don kada rana ta tsaga itacen kafin ku dawo. A wurinku dabara ce kawai. Ba ku san mu mata da shi muke ƙidayar garin nan ba. Mace ba ta tambayar wa zai tafi, mashigi take zuwa ta duba. In ta ga jirgi a ƙasan ruwa, ta san akwai gidan da tukunyarsa za ta ragu, da gonar da tsoho zai yi fama da ita shi kaɗai, da yarinyar da za ta daina kitso. Rannan malamarmu ta ce kowace ta faɗi yawan mutanen garinsu. Da aka zo kaina na ce, da damina ko da rani? Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa da gaske nake. Da damina Gulma gari ce, har masallaci ba ya ɗaukar mutane. Da an ɗaure gero sai ta koma zangon tsofaffi da mata da yara, ka ratsa unguwa guda ba ka ji muryar saurayi ba. Masu dawowa kuma kowace shekara ba su kai waɗanda suka tafi ba.

Ban ga laifinsu ba, ya muradin raina. Wa ya manta bara? Shinkafar fadamarmu tana son ruwan da ke tasowa a hankali, ya hau ta hau, ya ƙara ta ƙara wuya. Bara kuwa gulbi ya zo a guje, ya haye kanta tun tana jaririya, tun daga nan har Zauro babu wanda ya wasa lauje. Rumbuna suka koma gidan ƙadangaru. Mu da muke kai shinkafa kasuwar Argungu muka koma tonon bado muna dafawa. A lokacin yayana Labbo ya nutsar da nasa jirgin. Har yau yana can, gansakuka ta rufe shi, ƙananan kifaye na shiga suna fita. Saƙo ɗaya muka samu daga Kumasi, goro da turmin atamfa, daga nan shiru. Matarsa Tamba ta daina bin hanyar mashigi, zagayawa take ta bayan makera.

A cikin wannan yunwar ce ka tsallakar da ni ranar da zan koma makaranta. Ka tuna? Ruwa ya shafe hanya, fadama ta zama teku, furannin bado sun yi fari fat kamar an shanya wanki. Ka karɓi akwatina ka ɗora bisa kara don kada ya jiƙe, ka ce nauyinsa ya fi na giwan ruwa, ko duwatsu ake koya mana a makaranta? Na so in yi dariya, na so in ba ka amsa mai daɗi irin ta 'yan matan cikin littafi, amma kunya ta hana ni. Ido na zuba wa inuwarka a ruwa, tana miƙewa tana sunkuyawa da sandar tuƙi, don ita na iya kallo ba tare da an kama ni ba. Da muka isa gaci na miƙa maka kuɗin fito, ka ce jirginka ba ya karɓar kuɗin ƙanwar Labbo. Daga baya na ji cewa duk watannin nan ana samun tarwaɗa rataye a ƙyauren gidanmu, ba a san mai ratayewa ba. Ni na sani. Tun daga ranar son ka ke tasowa a cikina irin tasowar ruwan albarka, ba hayaniya, kullum dai ya ɗara na jiya, ni kuma ina ƙara wuya don kada in nutse.

To, wannan hutun na dawo da 'yar tuta kore da fari da aka raba mana, da waƙoƙin da muka yi a fili. Goggo Kulu, ƙanwar kakata, ta juya tutar gaba da baya, ta tambaye ni ko shi mulkin kan nan zai iya kamo mata Labbo ya kawo shi gida. Na ce ban sani ba. Ta ce to a soke ta a danga ta kori tsuntsaye. Washegari na ɗauki tulu ina murna, na gangara mashigi.

Arzika, babu jirginka a bisa ruwa.

Na matsa, na leƙa. Ga shi can kwance a ƙasa, duwatsu a cikinsa, baƙin goshin na kallona ta cikin ruwa kamar fuskar wanda aka binne bai mutu ba. Wayyo zuciyata! Ban san yadda na cika tulun ba, ban san yadda na hau gangaren ba. Matan da ke wanki suna ta lissafi, wai na abokinka Dikko ya nutse, na 'ya'yan gidan liman biyu sun nutse, ga na Arzika ma. Wata ta ce ai dama tare suke shawara da Dikko. Tamba ta ji labari ta same ni a gida ta dafa kafaɗata, sai na gane ashe sirrin da nake ɓoyo bai ɓoyu gare ta ba.

Me zan ce maka game da kwanakin da suka biyo? Tuwo ya koma ƙasa a bakina. Na buɗe littattafan masoya da Paulina ke ara mini, waɗanda nake ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma, na ji haushinsu duka. A cikinsu in masoyi zai yi tafiya sai ya zo ya durƙusa, ya yi kuka, ya bar zobe. Mu nan wa ke yi mana sallama? Dutse a cikin jirgi, shi ke nan. Kuma da wane baki zan yi ƙorafi, ni da ban taɓa ce maka ko sannu da aiki ba? Na tuna mahaifin Paulina, Malam Irimiya, da ya baro garinsu can wajen Jos ya zo aikin asibiti a Birnin Kebbi da niyyar shekara biyu, ga shi har 'ya'yansa sun girma ba su san dutsen garinsu ba. Na ce haka Kurmi za ta yi mini da kai. Wata mai sayar da dafaffen abinci a bakin tasha za ta ga abin da na gani, ita kuma bakinta ba a ɗaure yake ba.

Ranar kasuwar Argungu Goggo ta ce in ɗauko mata tabarmin da ta saƙa mu tafi. Na san ranar ce motar Kurmi ke lodi. Na bi ta don in gan ka ko daga nesa, in sa wa raina hatimi. Ga motar, ga samari sun hau bisa buhuna da 'yan ƙunshinsu da butoci, uwaye sun tsaya gefe suna kallon ƙasa. Na ga Dikko. Na ga 'ya'yan liman. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi yaji, babu kai. Na ce ko ka riga ka wuce a wata motar.

Sai da muka ratsa rumfar maƙera na ji Goggo ta tsaya cak, har na yi karo da bayanta. Kana tsugune kana gwada kaifin lauje da babban yatsa. Lauje, Arzika! Wa ke sayen lauje in zai bar shinkafa a ruwa?

Goggo ba ta da birki, ka san ta. Ta ce, "Kai mijin ga nau, ashe gudu za ka yi ka bar ni da zawarci? Mun ga jirgi ƙasan ruwa."

Ka yi dariya ka ce, "Goggo, wa yac ce miki tahiya za ni yi? Ɗumki anka yi mai, shina shan ruwa."

Ina bayan tabarmi ina ji kana yi mata bayani. Wai cikin jirgin ne ya tsage, masassaƙi ya ɗinke shi da sabon itace, sabon itace kuwa sai ya kwana a ruwa ya kumbura kafin ya kama, in ba haka ba ranar yankan shinkafa da kai da dami duk ku tafi ƙasa. Ba ka ɓoye mata ba cewa Dikko ya samar maka gurbi wurin masu dakon goro, ka kuma yi ta juya maganar har ka kusa amsawa. Amma ka shiga fadama ka ga ruwan bana ya zo da ladabi, shinkafa ta yi kai ta sunkuya, ka ce ba za ka bar wa tsohonka da tsuntsaye wannan ba. Har ka yafa irin albasa a bayan gari, kana jiran ruwa ya janye ka dasa, mai albasa kuwa bawan jigo ne, ba ya kwana nesa da rijiyarsa har rani ya fita.

Goggo ta kalle ka, ta waiwayo ta kalle ni, ta ce, "Albasa kaɗai tar riƙe ka?"

Ka sunkuyar da kai kana ta gwada laujen da ka riga ka gwada, har maƙerin ya ce in ba saye za ka yi ba kada ka cinye masa kaifi. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige, amma da na shige ina murmushi.

Alhamdu lillahi. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke. A hanyar komawa komai sabo ne a idona: balbelu a bayan shanu, kirinjijiya na kuka a sama, fadama kore shar har iyakar gani, iska na kawo ƙamshin shinkafar da ta fara nuna. Goggo ta sayi ƙosai na cinye nata da nawa. Ta ce ciwon da lauje ke warkarwa dai ba ta taɓa ganin irinsa ba, amma ba za ta gaya wa Inna ba sai in na ƙi tsefe mata kai.

Ya taurarona na asuba, ya giginyar da ake hangowa a san an kusa gida, ni ba yarinya ba ce da zan ce ka rantse ba za ka taɓa tafiya ba. Na ci bado, na san abin da ke korar namiji daga garinsu. Gulbi ba ya shawara da kowa, baɗi yana iya zuwa a guje. Abu ɗaya nake roƙo. In ranar ta zo, kada ka bar ni in karanta a ruwa tare da masu wanki. Ka faɗa mini, ko ta bakin Goggo, ko a 'yar takarda, tun da ka yi ajin yaƙi da jahilci kuma an ce hannunka ya fi na malamin kyau. Wanda aka yi wa sallama yana iya jira. Tamba ba tafiyar Labbo ce ta karya ta ba, rashin kalma ɗaya ce.

Ni ma ga nawa alkawarin. Paulina na ta zuga ni mu tafi Kaduna koyon aikin jinya in mun gama, wai can akwai lantarki da famfo. Zan koyi abin da zan koya, amma Gulma zan kawo shi, inda mai naƙuda ke jiran jirgi kafin ta ga asibiti. In mutanen garin nan suna raguwa, ba da ni za su ragu ba. Ina nan a kan son ka da cikar gulbi da janyewarsa, a shekarar shinkafa da shekarar bado, har ranar da za a daina kiran sunana.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai,
Ma'u.

Na so in ba Goggo ta kai maka, sai na tuna kafin ta isa ƙofarku rabin gari ya ji. Na kuma so in ajiye ta a cikin akwati, amma yanzu na san abin da shiru ke jawowa. An ce gobe da hantsi za ku fito da jirgin, 'yan matan unguwa za su zo da ƙore su taya kwarfar ruwa. Zan zo da tawa ƙwaryar. Takardar tana ƙulle a bakin gyalena, da hannuna zan ba ka. Kada ka yi mini dariya, kuma ka goge hannunka kafin ka karɓa.