Inna, na hau katakon ƙanƙara kafin takwararki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a Maraɗi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Ni ce Balki, daga Jidda, unguwar Nuzla. Kin san ban yi boko ba, to maƙwabciyata Maman Walid ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata duk abin da ya fito bakina ta sa, kada ta gyara min. Ta ce mutane fa za su karanta. Na ce su karanta, ni dai da ke nake.

Inna, yanzu haka akwai yashi a kunnena na hagu da ya ƙi fita. Bari in fara miki daga farko.

Surukinki, Baban Ummi, yana nan yana tuƙi a gidan kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, a unguwar Safa. Kin san shi, mutum ne mai hankali, ba ya yawo, ba ya faɗa. To bara da sanyi ɗan kafilin ya tafi da shi Lubnan, wai ya riƙa ɗaukar masa kaya a kan wani dutse da ƙanƙara ta rufe. Mutum ya tafi da hankalinsa, ya dawo da katako biyu a kafaɗa. Dogaye, sun kusa kai shi tsawo, an yi musu fenti kore da ruwan hoda kamar atamfar biki. Wai sunansu siki. Ana ɗaura su a ƙafa, a zamo daga kan dutse. Yaron ne ya sayi sababbi ya bar masa tsofaffin. Da agogo ya ba shi, Inna, da yau kunnena lafiya lau.

Da na ga bakinsu a tanƙware sama, gaba da baya, kamar ɓawon kankana, sai na ce wayyo, zafin Jidda ya lalata maka su tun a hanya. Ya ce, "A'a Balki, haka aka ƙera shi. Wannan ba na dattawa ba ne, ɗan wasa ne. Gaba yake yi, baya yake yi, duk ɗaya ne a wurinsa." Na ce, abin da bai san gabansa da bayansa ba, shi za ka ba amanar ƙafafunka?

Tun daga ranar ba mu sake cin tuwo cikin natsuwa ba. Ina zuba miya yana ba ni labarin katako. Wai in sabuwar ƙanƙara ta zuba, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, siraran katako nutsewa suke yi har gwiwa, shi kuwa nasa da yake yana da faɗin ciki sai ya ɗaga kai ya yi ta iyo a sama. Wai kana ɗan karkata ƙugu ya juya, kamar ya san abin da ke zuciyarka. Na ce ni shekara nawa ina karkata ƙugu a gidan nan ba wanda ya san abin da ke zuciyata.

Sai kuma wani fili da ya ce sun gina a can. Sun tara ƙanƙara tudu-tudu don mutum ya hau ya yi tsalle, sun kafa bututun ƙarfe don mutum ya hau ya zame. Da gangan, Inna. Ba wanda ya biyo su. Ya ce a nan ne katakon ke nuna halinsa, don yana da taushi, yana lanƙwasawa ya cilla ka sama, in ka faɗo a karkace kuma ya yafe maka. Aibinsa ɗaya, wai in ƙanƙarar ta daskare ta yi tauri kuma ka ƙure gudu, sai bakinsa ya riƙa kaɗawa kamar haƙoran mai zazzaɓi.

Ya nuna min a waya ranar da shi ma ya gwada bututun. Na ga ya taho, ya hau, katakon dama ya nufi gabas, na hagu ya nufi yamma, ƙarfen kuma yana tsakiya. Ba zan faɗa miki inda ya same shi ba, ga Maman Walid ma ta ajiye biro tana share hawaye. Da na tambaye shi ina yafiyar take, sai ya ce, "Wannan laifina ne, kada ki zargi katako." Wallahi bai taɓa kare ni haka a gaban danginsa ba.

Duk wannan da sauƙi. Ya sa su a ɗaki ya yi ta juyi a kan darduma, ya ture buta, ya ture fanka, na haƙura. Abin da ya tayar min da hankali takwararki ce. Ummi ta cika shekara uku, ba ki gan ta ba, goshinki ne sak. Tana ganin katakon sai ta zauna a kai tana cewa "yalla, yalla," wato mu je. Shi kuma uban sai ya yi ta washe baki, wai yarinyar nan jinin ƙanƙara gare ta. Yarinyar da in an buɗe firji take atishawa.

Ranar Alhamis da ta wuce muka fita bayan gari shan iska, inda tuddan yashi suke. Da mu da Yaya Indo, babbar yayarsa, wadda kika sani, mai ido kamar na alƙali. Muka kai shinkafa da kaza da fulas na shayi. Ashe mutumin ya ɓoye katakon a ƙarƙashin tabarma. Ya ce tun da Allah bai ba Jidda ƙanƙara ba, ai Ya ba ta yashi, yashi kuma ƙanin garin ƙanƙara ne. Ya zauna ya goge ƙasan katakon da kyandir har ya yi santsi, muka hau wani tudu mai tsawon gidan bene.

Na yi ta addu'a a zuciyata ya ɗan faɗi. Ba faɗuwar asibiti ba, wadda dai za ta sa a naɗe tabarma. Inna, bai faɗi ba. Ya sauka kamar an zana shi, yana karkata nan yana karkata can, yashi na tashi a bayansa. Ya hawo yana haki yana murna, Ummi na tafi tana cewa, "Baba, ni ma, ni ma!" Sai na ji ya ce, "Yaya, ɗaura min ita a baya."

Yaya Indo ta yi dariya har da riƙe ciki, wai yau za ta ga namiji da goyo. Ta miƙo hannu ta karɓi majanyin da ke cinyata, ta ɗora yarinyar a bayansa, ta fara ɗauri.

Ɗiyar fari ce, Inna. A gaban yayar mijina. Ke kika koya min cewa ɗan fari ba a nuna shi a gaban mutane, ko ya faɗi sai ki kau da kai wani ya ɗaga. Kuma tun a mota Yaya Indo take ta yi da matan yanzu, wai sun zo Saudiyya sun zubar da kunya a filin jirgi, har sumbatar ɗan fari suke yi a gaban surukai. Tana faɗa tana kallona ta madubi. To in na buɗe baki na ce a sauke min ɗiyata, kafin mu koma Nuzla labarin ya isa Maraɗi, a ce ɗiyarki ba ta da tarbiyya. In kuma na yi shiru, ga tudu, ga mutumin da na ga abin da bututu ya yi masa.

Sai na tuna ki. Ni ce ta farinki. Har kika bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinki ba, sai "ke yarinyar nan." Amma ba ki taɓa ba ni magani ba sai kin kurɓa tukun. Ba ki taɓa tsoma ni a ruwan wanka ba sai kin sa gwiwar hannunki. Kina yi kina ɓata fuska, kamar ba don ni kike yi ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, ni zan fara.

Yaya Indo ta ce, "Ke? Ke da ba ki hawa matakalar lantarki a kasuwa?" Na ce sha'awa ce ta kama ni. Surukinki kuwa kamar an ba shi kujerar Hajji. Ya cire takalmansa, wasu manya masu tauri kamar turmi, ya cusa safa a ciki don sun yi min yawa, ya sa ni na taka katakon. Na ji ƙas, ƙas, kamar tarkon ɓera. Halas, shi ke nan, na kamu.

Na leƙa ƙasan tudun sau ɗaya, na kau da kai. Sai na ce a raina gara in juya baya in kalli yarinyar in samu ƙarfin zuciya. Na taka a hankali na juyo, na ba gangaren baya. Kin tuna na ce miki abin nan bai san gabansa da bayansa ba?

Inna, ya tafi da ni.

Na ga Baban Ummi da goyonsa suna ƙanƙancewa. Abayata ta cika da iska ta zama laima. Na karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga banɗaki. Na karkata don in faɗi in huta, abin ya ɗauka juyi nake so, ya juya da ni. Na karkata ɗaya gefen, ya sake juyawa. Ashe gaskiya mutumin ya faɗa, yana jin ƙugu, sai dai ba ya jin kuka.

Can tsakiya akwai wani ɗan tudu da motocin samari suka tara. Ban gan shi ba, ai ba ni da ido a ƙeya. Sai dai na ji katakon ya lanƙwasa, ya miƙe, ƙasa ta rabu da ni. Ban san ko tsawon taɓarya na tashi ko tsawon muciya ba, ni dai na ga sama kusa. Na faɗo a karkace, kuma wallahi ya yafe min. Yashin ƙasan tudun ne bai yafe ba. Ya kama katakon cak, ni na wuce, na yi birgima har sai da na rasa inda ɗankwalina yake. Wasu samarin Larabawa a cikin mota suka yi ta danna hon suna kirana gwaggo da Larabci, "Mashallah ya hala!"

Suka gangaro da gudu. Abin da mijina ya fara faɗa, ba "sannu" ba, ba "kin ji ciwo" ba. Cewa ya yi, "Balki! Da baya! Ni ma ban iya da baya ba!"

Na zauna, na tofar da yashi, na ɗaga gwiwar hannuna da ta ɗaye kowa ya gani. Ban kalli yarinyar ba. Na ɓata fuska irin taki na ce, na ɗanɗana, ya yi wa yara ƙarfi.

Yaya Indo ta daɗe tana kallona. Sannan ta je bayan ƙaninta ta kwance majanyin, ta ɗora min Ummi a baya, ta ɗaure da hannunta, ta ja ɗaurin sosai. Ta ce a hankali, "Haka uwarki take yi." Ta juya wurinsa ta ce, "Kai kuma in goyo kake so, ga katakonka nan, ɗauki biyu." Har muka iso gida ba ta sake maganar matan yanzu ba. Shi ma da ya ga jinin hannuna ya yi sanyi, ya rantse ba zai sake ɗora ta ba sai ta yi wayon cewa a'a da bakinta.

Yanzu katakon na saman kwaba, na danne shi da akwati. Amma akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, masu karantawa su kau da kai. Lokacin da ƙasa ta rabu da ni, na ji wata ƙara tana fita daga bakina, na zaci ihu ne. Dariya ce, Inna. Rabona da irinta tun ranar da aka bugo waya aka ce kin tafi. Ashe abin da daɗi. Shi ya sa tsorona ya ƙaru, don Ummi ta gani. Da safe ta hau kan matashi ta juya baya tana cewa, "Mama ta tashi sama."

Wata rana za ta yi tsawon da za ta kai saman kwaba. Kuma ba komai zan iya ɗanɗana mata ba, kamar yadda ke ma ba ki samu kin ɗanɗana min Jidda ba kafin ki sa ni a mota. Na tuna ranar, kin tsaya a tasha kina gyara ɗaurin kayana, kina faɗa da ɗan kamasho, ba ki kalle ni ba ko sau ɗaya. A lokacin na ji haushi. Jiya da nake wanke yashi daga kaina na gane, na zauna a banɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Allah Ya jiƙanki, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki shi, sanyi mai daɗi ba irin na Lubnan ba. Allah Ya raya takwararki, Ya tsare ƙafafun ubanta, Ya sa kada ɗan kafili ya sake sayen sabon abu. Duk ɗacin da kika kurɓa domina, Allah Ya musanya miki da ruwan Alkausara.

Taki har kullum,
yarinyar nan.