Irin Cittar Baba da Filinka na Bayan Makaranta

Kafanchan,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga Yaya Meshak,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Irene da yara, da aiki a Fatakwal. Ubangiji ya ci gaba da tsare ku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma waƙa a zumuntar mata. Baba ma garau yake, sai dai taurin kan nan nasa bai ragu ba.

Ba na jin labari ya iso maka cewa ƙanwarka ta koma makaranta bayan ta yaye auta. A coci aka buɗe mana ajin Turanci, kuma kwanan nan muka shiga wani darasi da ya hana ni sakat, wato yadda mutum zai nuna iyakar tabbacinsa a kan magana. Ashe abin hawa-hawa ne. In an ce definitely, an gama magana. In an ce probably, abin ya fi kusa da faruwa. In kuwa might aka ce, babu wanda ya yi maka alkawari, an dai bar ƙofa a buɗe. Na ce wa malaminmu ai mu ma muna da "tabbas" da "wataƙila". Ya ce haka ne, amma in je in saurari yadda muke amfani da su. Na kasa kunne kuwa, na yi ta dariya ni kaɗai. Mu nan in ka roƙi babba abu ya ce wataƙila, ko za mu gani, ai ya hana ka ne, kunya ce ta sa bai fito fili ba.

To, abin dariya ya kusa zama na kuka. Ka san tun da ciwon nan ya ruɓar da cittar mutane, ɗan irin da Baba ya tsira da shi yana ƙarƙashin mangwaro, an rufe da ciyawa, kuma shi ke nan abin da ya rage mana. Wata malamar gona mai suna Mildred ta zo ƙauye duba iri. 'Yar kudu ce, ba ta jin Hausa, sai aka sa ni tafinta, ina ta hura hanci. Ta karya cittar, ta duba, ta shinshina, ta ce probably irin lafiyarsa ƙalau, amma ba za ta rantse ba domin ciwon yakan ɓuya. Na gaya wa Baba ta ce wataƙila irin yana da kyau. Ya yi godiya, ya ba ta gyaɗa, ya raka ta har bakin mota. Washegari na tarar da shi yana wasa wuƙa, zai tsaga irin ya shanya ya kai kasuwa. Wai yarinyar mai tarbiyya ce, nauyinsa ta ji, shi ya sa ba ta gaya masa kai tsaye cewa irinsa ya mutu ba. Nan take na karɓe wuƙar daga hannunsa, Yaya, don ka san citta in an tsaga ta, ta tashi daga iri har abada.

Na kira malamar a waya, ta cika da mamaki. Ta ce da nata ne shukawa za ta yi, amma ba a tsohuwar gona ba, domin tana da tabbacin ciwon yana nan cikin ƙasar. Da ƙyar na shawo kan Baba. Har yanzu yana mita, wai mai ilimi ya kamata ya ce i ko a'a. Ni kuma ina ta tunanin wanne ya fi, ladabinmu ko awon maganarsu, ban dai samo amsa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Filin da citta ba ta taɓa shiga ba a gidanmu shi ne naka na bayan makaranta, inda ka ce za ka yi gini. Baba ba zai taɓa buɗe baki ya roƙi ɗansa ba, ni ce nake roƙonka aron damina ɗaya. Ya yarda ya ajiye wuƙar zuwa Ista, hadari kuma ya fara haɗuwa. In ginin ya matso ka ce a'a, ba zan ji haushi ba, sai in nemi wani wuri tun da sauran lokaci. Amma don Allah kada ka ce za mu gani. Baba zai ji ta yadda ya saba ji, kuma ba na jin zan iya karɓe wuƙar nan daga hannunsa sau biyu.

Ka gaishe mini da Anti Irene, da Kevin, da Peculiar. Mama da Kawu Obadiah suna gaishe ku. Ubangiji ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Afiniki