Gonata a Hannun Duane

Vermont, Maris

Yaya Ghislaine,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da jikoki. Yaya gwiwar? Mijina Wendell yana samun sauƙi tun da aka sallamo shi daga asibiti, sai dai ciwon zuciyar ya tsorata shi, har ya ja ni wurin lauya a rubuta wasiyya.

Ki ji abin haushi. Lauyar ta ce da a ce ni Ba'amurkiya ce, da gonar za ta dawo hannuna salin alin. Amma da yake katin zama kawai gare ni, in Wendell ya riga ni, harajin gado zai cinye babban yanki na filin. Mafita wai a zuba komai a asusun amana, kuma mai riƙonsa sai ɗan ƙasa. Kuɗin madara nawa ne, amma ko ɗan fili zan sayar in gyara rufin garke, sai ya sa hannu.

Allah bai ba mu haihuwa ba, to kin san wa Wendell ya zaɓa? Ƙanensa Duane! Mutumin da ya karya shagon taya, ya karya wurin wankin mota. Ni da na tsufa a gindin shanun nan, wai ni zan nemi izininsa. Na gaya wa Wendell in ya kuskura ya mutu, har can zan bi shi in jawo shi.

Ƙanwarki,
Odile

Mayu

Yaya,

Wasiƙarki ta iso, na gode da addu'a. Kada ki yi mini faɗa: na nemi zama 'yar ƙasa. Ban manta abin da na ce wa Baba ranar aurena ba, cewa gida na bari, ban bar Kanada ba. Amma shekaranjiya na tarar da Wendell zaune a garke, bokiti ya gagare shi ɗauka. Ya ce, "Odile, ba Duane nake so ba. Tsoro nake kada a tashe ki daga gidan nan." Sai na ɗauki bokitin.

Yanzu ga ni da furfura ina haddar tambayoyin jarrabawar zama 'yar ƙasa. Shi ke yi mini bita, shi da aka haifa a nan, amma sai ya leƙa amsa kafin ya ce na ci.

Taki,
Odile

Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ku duka. An gama, na ɗaga hannu na yi rantsuwa, kuma fasfona na Kanada yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Wendell ya yi ta kuka wai mura ce. Lauya ta soke batun amana. Duane ya rungume ni ya ce tun bara bai yi barcin kirki ba, don ya fi tsorona a kan gwamnati.

Na ɗauka na huta. Jiya sai ga sammaci daga kotu, wai tunda na zama 'yar ƙasa, in je in zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci, daidai lokacin da shanuna ke haihuwa. Duk wanda ya yi laifin nan, Yaya, ki taya shi addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Odile