Layin da Abdussamadu Ya Bari

Gesse, Birnin Kebbi

Aminina Riskuwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Laure da yara da mutanen Argungu. Mu ma lafiya lau, sai kewarku.

Ka tuna manhajar da muka rubuta wa ƙungiyar manoman shinkafa, ni da kai da marigayi Abdussamadu, a shagon nan mai fanka ɗaya? Rajista, rabon iri, saƙon waya, duk muka dunƙule su kamar malmalar tuwo. To, sababbin ma'aikata sun ce a rarraba ta ƙanana-ƙanana, kowane sashe ya ci gashin kansa. Ka san ni da taurin kai. Na ce tamu in ta yi ciwo wuri ɗaya kake dubawa, tasu kuwa sai ka bi gida goma kana sallama.

Ranar Talata sashen saƙo ya shaƙe, ya ja komai ya faɗi. Manoman garin Gulma suka yini cikin rana, suka koma babu iri. Wallahi kunya ta rufe ni. Saura mako biyu a yafa iri, don haka na sallama, kuma ni aka miƙa wa wuƙar yanka manhajar.

Naka,
Malami

Aminina Riskuwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi yankan. A sashen rajista na tarar da wurin da ke bambance manoma da laƙabi da unguwa. Ma'aikatan sun so a jefar, wai lambar waya ta isa. Na ce su ƙirga Muhammad Sani nawa ne a Gulma, su kuma ga yadda waya ɗaya ke yi wa gida guda aiki.

A saman wurin akwai layi guda da Abdussamadu ya rubuta mini, cewa kada in taɓa wanga wuri sai na kira shi. Riskuwa, sai da na lalubo sunansa a waya sannan na tuna ba ya duniya.

Na kwashe wurin yadda yake, har da gargaɗin, na sa a sabon sashe. Jiya an raba iri, kowane Muhammad Sani ya karɓi nasa. Sashen saƙo ya sake shaƙewa, amma rabo bai tsaya ba. Gaskiyar ma'aikatan ce, ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Bayan sallar Juma'a za a kashe tsohuwar manhajar. Don Allah ka shigo mota ka zo. Mu uku muka kunna ta, ba na son in kashe ni kaɗai.

Ka gaida Laure.

Naka har kullum,
Malami