Kaskon da Malam Ya Ce In Ɓoye

Bauchi, daren Asabar, Maris 1959

Tun safe Malam, maigidana, yake roƙona in ɓoye kaskon turare. Baturen ofishinsu zai zo shan shayi da matarsa, kuma in gida ya yi warin hayaƙi, wai ƙarin girmansa ya tafi. Na ce to. Na turara labule da kajiji, garwashi ya mutu, na tura kaskon ƙarƙashin kujera.

Da suka zo, matar ta shaƙa, ta ce da Hausarta ta littafi, "Uwargida, wane fure kike shukawa?"

Na jawo mata kaskon. Malam ya ƙware da shayi, Baturen yana bubbuga masa baya yana dariya.

Shekara uku na yi a kwalejin 'yan mata ina haddace sarakunan Turawa. Ranar Litinin ita za ta zo da littafin rubutu, in koya mata hura garwashi.