Sunan Da Ka Tambaye Ni, Abba

Zuwa ga ɗana Abba, a makarantarsa ta Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa mu ma a nan unguwar Malaz lafiya lau muke, ban da zafin Riyad da ka gudu ka bar mana.

Na ga bidiyon da ka turo. Kai da muka tura karatun injiniya, sai ga ka cikin sahun samari 'yan asalin Meziko da Kwalambiya, riga iri ɗaya, kuna buga ƙafa a ƙasa kamar masu kirɓa sakwara. Ka ce ƙungiyar 'yan uwantaka ce ta ɗaliban Latin Amurka, kuma sun karɓe ka duk da ba ka jin yarensu. Na yi dariya har Ummi ƙanwarka ta leƙo daga kicin.

Ƙarshen bidiyon ne ya tsayar mini da dariyar. A bikin tunawa da asalinsu, kowa yana miƙewa ya kira sunan kakarsa da ta rasu, sauran su amsa gaba ɗaya. Da aka zo kanka ka ce Inna. Ka rubuto mini cewa daga baya abokinka Matiyo ya tambaye ka ko sunanta ke nan, kai kuma ba ka san ainihin sunan ba. Shi ne ka tambaye ni, ni kuma na yi ta kewaye-kewaye da zancen jarrabawa.

Ba rowa na yi maka ba. A gidanmu na Funtuwa 'ya ba ta kama sunan uwarta. Ko naka na yanka ba na faɗa, don na mahaifina ne, shi ya sa ka zama Abba. A gida wannan kunya ba ta ɓatar da komai, domin gwaggo za ta faɗa, maƙwabciya za ta faɗa, yaro ya tsinta a tsakar gida. Ku kuwa a bene kuka tashi, daga ni sai babanku, ni kuma kullum ina asibiti wajen aiki. Babu wanda zai yi suɓutar baki ku ji.

Ka tuna zuwan Inna Umara, da ta biyo ta nan? Ka yi ta zuba mata Larabci, ita kuwa tana cewa: “Wannan mijin nawa Balarabe ne, ko cefane ba zai iya yi mini ba.” Amma kai ta riƙe wa hannu a kasuwar Aziziya, kuna bin rumfuna tana neman yakuwa. Da ba ta samu ba, sai ta sayo maka mangwaro ta ce sadakinka ne ta mayar.

Da farko na ji tsoron ƙungiyar nan, kada su raba ka da mu. Ashe su ne za su turo ka gida da tambaya. Ka gaishe mini da Matiyo. Sharaɗina ɗaya ne: in ka kira sunan, ka bi shi da addu'a irin tamu.

Ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa muke ce wa ƙanwarka Ummi, alhali a makaranta da wani suna ake kiranta? Kun tashi gida ɗaya da sunan, kana ƙwace masa rimot ɗin talabijin.

Hannuna yana nauyi, amma gara kunyata ta karye da ka sake tsayawa cikin mutane babu kaka. Sunanta Rahmatu.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Allah ya tsare mini kai, ya haɗa ka da abokan kirki, ya dawo da kai lafiya.

Ni ce mahaifiyarka,
'yar Rahmatu.