Wanda Na Binne a Gindin Dogon Dutse

Gobnait ƙanwata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya a Ingilar taki. Ni dai ƙafa ce ke damuna, sai kuma abin da kika yi mini.

Na san rabin gonar gado naki ne. Amma da kin tambaye ni kafin ki sa wa mutanen jami'a hannu su tone tsakar duwatsun nan na mutanen zamanin dā. Sati uku suna kankarar ƙasa da ɗan cokali. Wata mai tabarau ta ce mini, "Baba, ja baya, kabari ne mai shekara dubu uku." Na ce, "'Yar nan, wanda ke hannunki shekararsa hamsin da takwas."

Ɗana ne, Gobnait. Kwana ɗaya ya yi a duniya, ba a kai ga yi masa baftisma ba, Fada, limamin cocinmu, ya ce ba shi da wuri a maƙabartar coci. Ni na sa shi a akwatin man shanu, na binne shi a gindin dogon dutsen, inda kowa ke kai irinsu. Yanzu mutanen jami'ar sun tafi da shi a mota.

Yayanki,
Florry

Yaya Florry,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Allah ne shaidata, ban sani ba. Inna ta rubuto mini lokacin cewa an kwantar da shi kusa da Baba.

Na kira jami'ar, sun ba da haƙuri, za su dawo da shi. Sai dai jarirai tara suka tarar, katakon ya ruɓe, ƙasusuwan sun cakuɗe. Sun ce in ka ba da yawunka za su gwada shi da ƙasusuwan su gane naka. Sabon Fada kuma yaron kirki ne, ya ce an daina hana irinsu maƙabarta, zai sa shi gefen marigayiya Sabina, uwarsa. Don Allah ka ajiye taurin kan nan.

Ka huta lafiya,
Gobnait

Gobnait,

Na gaishe ki. Ba zan tofa wa kowa yawu a kwalba ba. In na zare nawa, sauran takwas ɗin fa? Iyayensu duk sun mutu, ni kaɗai na rage da na san gidajensu.

Ki ce wa sabon Fadan naku ya riƙe raminsa. Ranar da Sabina ta durƙusa a ƙofar cocin tana roƙo, ran nan ake neman wurin.

Su kawo mini taran duka ranar Alhamis, gindin dutsen. Na gama haƙa. Ke ba sai kin zo ba.

Yayanki,
Florry